An Yi wa Abincin Tsatsa Fenti

Yau da safe na tafi asibiti duba surukina da ke kwance da ciwon ƙafa. Na sa babbar rigata wadda nake ajiyewa domin irin wannan fita, na ɗora hula, na riƙo 'yar ledar lemo. Ina isa bakin ɗakin marasa lafiya sai wata ma'aikaciyar jinya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, masu gyaran bango ta baya suke shiga." Na ce mata ni dubiya na zo. Ta sake kallon rigar ta ce, "Ayya, yi haƙuri, na ɗauka daga wurin kwaɓa ƙasa kake." Shi kuwa surukin nawa, da yake ciwon a ƙafa yake ba a baki ba, yana ganina ya ce, "Kai kuma a wace kwata ka faɗa?"

Ni dama kunnena ya fi bakina aiki. Amma ku da kuke karanta wannan fili ina so ku sani, rigar nan fara ce. Fara sol na saye ta, fara na riƙa sa ta shekara da shekaru. Abin da ya mayar da ita kalar tsohon kwanon rufi shi zan ba ku labari yau, don in na ci gaba da haɗiyewa, cikina ma tsatsa zai yi.

Maƙwabcina mai wanki da guga ne. Duk layinmu Mai Bula muke ce masa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da wannan sunan take kiransa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: bahunan wanki a ƙofa, durorin ruwa a gefe, igiyoyin shanya, tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo, sai dutsen guga na gawayi wanda ya gada daga mutumin da ya koya masa sana'ar. Farin kaya shi ne gwanintarsa. In ya gama wanke riga yakan ɗaga ta ga rana yana dubawa kamar likita da hoton ƙirji, in ya ga ɗigo ɗaya sai ta koma baho.

Ranar da rigata ta lalace, da kansa ya kawo ta, a naɗe cikin takarda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.

"Maƙwabci, ga rigarka. Don Allah kada ka buɗe a gabana."

Na buɗe a gabansa. Mai ɗakina ta leƙo ta bayana ta ce, "Ikon Allah! Mai Bula, yaushe ka koma rini ba ka gaya mana ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na wanke, na sake wankewa, na zuba bula har hannuna ya yi shuɗi. Ruwan ne. Duk abin da na tsoma haka yake fitowa. Mai otal ɗin bakin titi ya janye zannuwan gadonsa, mai aski ya janye tawul ɗinsa. In ruwan nan bai gyaru ba, sai dai in sayar da dutsen guga in rufe shagon. Kuma ka san dutsen nan shi ke ciyar da gidana, da tsohuwata, da marayun ƙanena."

Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙorafin ko zafin rana ba, ga shi a ƙofata yana murza hula a hannu. To ruwa ba ya tsami banza. Bari in kai ku inda tsamin ya faro.

A ƙarshen layinmu akwai wani ƙaton tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, shi ke ba famfunanmu ruwa. Lokacin da aka kafa shi, akwai wani injiniya mai tabarau, mutum mai sanyin magana, wanda ba ya ƙyamar zama a benci tare da mu. Wata rana muka ga yana hawa tsani da wasu sanduna farare, kowace ta kai tsawon hannun mutum. Gwaggo, tsohuwar da gidanta ke fuskantar tankin, wadda ba abin da ke wucewa ta gabanta bai biya kuɗin bayani ba, ta ce, "Ɗan nan, me kuma za ka jefa mana a ruwan sha?"

Ya sauko ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce ƙarfe da ruwa ba sa ga maciji, in suka daɗe tare tsatsa suke haifa. Amma tsatsa tana da kwaɗayi, kuma tana da zaɓi. In ka rataya mata sandar alminiyam a cikin ruwan, ka ɗaure ta da noti a jikin tankin yadda ƙarfe zai taɓa ƙarfe, sai ta bar tankin ta koma kan sandar. Kamar dai ka jefa wa kare ƙashi don ya ƙyale naman da ke rataye. In sandunan suka ƙare bayan wasu shekaru, sai a kwance a ɗaura wasu, tanki kuwa yana nan garau.

Gwaggo ta ce, "Au, wato toshiyar baki ake ba tsatsa."

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ke kika faɗa ba ni ba. Amma ita kaɗai ce toshiyar bakin da na sani mai amfanar jama'a." Sannan ya ƙara da wata magana da na ajiye a kunne. Ya ce, "In kun ga sandunan nan sun zaizaye, sun yi ramuka, sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, ku gode wa Allah, aiki suke yi. Ranar da kuka ga sun yi kyau, ku fara kuka."

Haka muka zauna shekaru. Ruwa garai-garai, Mai Bula yana ɗaga riguna ga rana yana murmushi. Har ranar da aka ce Mai Girma zai zo. Kun san shi ai, kowace unguwa tana da irinsa: Garkuwar Masu Ƙishi, Almakashin Ci Gaba, wanda ba a taɓa kafa abu bai zo ya buɗe shi ba, kuma in ya manta ya taɓa buɗewa sai ya dawo ya sake. Tankinmu ne ya shigo layi a wannan karon.

Ku da kuka taɓa ganin shirin tarbar manya, ba sai na gaya muku ba. Abu na farko fenti, na biyu fenti, na uku in fenti ya rage a ƙara fenti. Duwatsun bakin hanya su sha fari, kututturan bishiyoyi su sha fari har gwiwa. Akwai wata tsohuwar taya da ke jingine a shagon mai faci, ita ma sai da ta samu rabonta. Akuyar Gwaggo Allah ne ya yi ta mai yawo, da ta tsaya wuri ɗaya da tuni ta koma tunkiya.

Wanda aka ɗora wa wannan babban aiki wani jami'i ne mai ƙamshin turare, Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamitin Tarba da Kwalliya. Mu dai Shugaban Kwalliya muke ce masa don numfashinmu ba ya kaiwa ƙarshen sarautar. Ya sa aka zubar da ruwan tankin kaf, ya ce ciki da waje yake son gani. Da yake shi ba mai hawa tsani ba ne, sai ya ba mai fenti wayarsa ya ce ya shiga ya ɗauko masa hoto. Ina zaune a benci lokacin da hoton ya sauko. Na ga fuskarsa ta canza kamar wanda ya buɗe tukunya ya tarar da ɓera.

"Injiniya! Mene ne wannan a rataye kamar ƙashin mushe?"

"Ranka ya daɗe, su ne ke kare tankin."

"Su da ba su iya kare kansu ba?"

"Ai aikinsu ke nan, ranka ya daɗe. Su lalace don tanki ya zauna lafiya."

"Tsaya. Kana nufin da gangan aka sayo kayan hukuma, aka rataye su a ruwa don su lalace? Kana jin abin da bakinka ke faɗa kuwa? In Mai Girma ya leƙa ya ga wannan ƙazanta fa, me zan ce masa?"

Gwaggo ta matso kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Mai Girma da ko motarsa sai an tallafe shi yake shiga, shi ne zai hau tsanin nan ya leƙa?"

Injiniya ya yi bayanin kare da ƙashi, ya yi na tsatsa da kwaɗayi, ya ce in aka shafa wa sandunan fenti ruwa ba zai taɓa su ba, in kuwa ruwa bai taɓa su ba tsatsa ba za ta gan su ba, sai ta juya kan tankin. Ya roƙa, har ya cire tabaraunsa ya mayar. Shugaban Kwalliya ya saurare shi da irin sauraren da ake yi wa rediyon maƙwabci, sannan ya juya ga mai fenti ya ce, "Fentin mai. Shuɗi. Ka shafa, ya bushe, ka sake, ya bushe, ka ƙara. Kuma kowane shafi a kawo mini hoto."

A nan dole in yi adalci in yaba. Tunda nake ban taɓa ganin aikin hukuma da aka yi da gaskiya da tsoron Allah irin wannan ba. Fentin da aka shafa wa jikin tankin ta waje, wanda kowa ke gani, ruwan sama na farko ne ya tafi da shi. Amma na sandunan nan, wanda bai kamata a shafa ba sam, yana nan daram har gobe. Ashe mun iya aiki mai ƙarko, wurin da ya dace ne kawai ba mu cika dacewa da shi ba.

Shi kuwa Injiniya, saboda yawan bayaninsa, sai aka yi masa ƙarin girma. Aka tura shi can wani wuri mai nisa ya kula da wani tanki wanda har yanzu a cikin jawabi yake.

Mai Girma ya zo bayan rana ta gama gasa mu. Ya yanke kintinkiri, ƙyallen nan na buɗewa, ya murɗa famfo, ya jiƙa yatsu biyu, aka yi tafi, aka tallafe shi ya koma mota. Ko kai bai ɗaga ya kalli tankin ba, ina jin don kada hularsa ta faɗi.

Ba a ga komai ba a farko. Tsatsa ba ta da gaggawa, ba ta kuma kiran taron manema labarai. Ta zo wurin da ta saba cin abinci ta tarar an kulle mata da fenti, sai ta waiwaya ta ga ga bango guda na ƙarfe ba mai tsaro. Da daɗewa sai ruwa ya fara ɗan ja-ja in ya kwana a bokiti. Sai ya fara ƙarni a baki. Sai butoci suka yi ja, sai haƙoran yara, sai rigata.

Bayan maganar Mai Bula a ƙofata, sai muka ce zama bai gan mu ba. Muka shirya mu uku, ni da shi da Gwaggo, muka nufi ofishin da ke kula da tankin. Mai Bula ya riƙe wani zanen gado da ya lalace, Gwaggo ta riƙe kwalbar ruwan famfo. Muka zauna a baranda har inuwa ta juya, sannan aka shigar da mu. Wa za mu gani a bayan teburi? Shugaban Kwalliya da kansa. Ashe saboda kyan tarbar da ya shirya, shi aka ba riƙon tankin baki ɗaya.

Bai kalli fuskokinmu ba, wayarsa yake latsawa. Da ya ji mun ambaci sanduna sai ya washe baki ya juyo mana da wayar.

"Madalla, ashe har talakawa sun fara lura. Ku duba nan. Wannan hotonsu ne a zamanin wancan injiniyan, kullum ƙarewa suke kamar sabulu a hannun yara. Ku duba nan kuma, wannan na makon jiya ne. Tunda na karɓa ko ƙwayar zarra ba su ragu ba. Wannan shi ake kira tattalin dukiyar jama'a."

Ni da ba na son magana a gaban manya, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu dai an ce mana ranar da muka ga sun yi kyau mu fara kuka."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya rataye su."

"Yana ina yanzu?"

"An yi masa ƙarin girma."

"To ka gani."

Har yau ina tunanin abin da na gani ɗin, ban gano ba tukuna.

Mai Bula ya warware zanen gado ya shimfiɗa a gefen teburi ya ce, "Ranka ya daɗe, sana'ata ce ke mutuwa." Gwaggo ta dire kwalba a kai. Shugaban ya ɗaga kwalbar da yatsu biyu ya karkata ta ya ce, "Wannan ai sinadarin ƙarfe ne. Ku je asibiti ku tambaya, saye ake yi, maganin ƙarin jini ne. Ku ana kawo muku har gida ta famfo, kyauta, kuna ƙorafi."

Gwaggo ta ce, "Allah ya saka da alheri. To ranka ya daɗe, ga shi nan mun kawo maka tsaraba, a ɗan kurɓa a ƙara jini."

Ya ajiye kwalbar da sauri ya ce, "Ni likita ya ce nawa ya yi yawa."

Kafin mu zo, mun samu Injiniya a waya, ya ce mana maganin abin ba wuya: a zubar da ruwa, a sa buroshin waya a kankare fentin, ko yini ba za a yi ba. Sai na ce wa Shugaban, in hukuma ba ta da sarari, mu mutanen layi za mu yi da kanmu, ba ma neman ko ruwan sha. Nan ne fa ya ajiye waya.

"Ku kankare me? Kun san lambar yabo za a ba ni a kan sandunan nan? Ku kankare mini lambar yabo?"

Washegari aka zo aka kwance ƙasan tsanin aka tafi da shi, aka kuma ajiye maigadi da kujera a gindin tankin. Shekarun da tankin ya yi yana ba mu ruwa bai taɓa samun maigadi ba. Sai da ya fara ba mu tsatsa.

Ana wata ga wata. Ana saura 'yan kwanaki bikin ba da lambar, wanda aka ce a gindin tankin za a yi, sai ga wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar Mai Bula. Direban Shugaban Kwalliya ne, ya fito rungume da babbar riga fara, ɗinkin da in ka gani sai ka gaishe shi. Ya ce an gaya wa uwargidan maigidansa duk yankin nan ba mai fitar da fari kamar Mai Bula, kuma wannan ce rigar da za a sa ranar biki. Shi Shugaban bai san mai wankin shi ne mutumin da ya shimfiɗa masa zanen gado a teburi ba. Na gaya muku bai kalli fuskokinmu ba.

Kafin motar ta fita daga layi, labari ya kai kowane gida. Gwaggo ta iso tana ɗaura zane.

"Mai Bula, Allah ya kawo maka nama har bakin tukunya. Tsoma ta a ruwan famfo! Ai shi ya ce ƙarin jini ne, to rigarsa ma ta samu lafiya."

Mai ɗakina ta ce, "Ka bar ta ta kwana a ciki ma, ta ji jiki kamar ta maigidana."

Mai faci ya ce shi zai ɗebo ruwan da kansa, daga ƙasan duro inda ya fi kauri. Ni ma, gaskiya zuciyata tana tsaye a bayan Gwaggo tana gyaɗa kai. Ga mutum shagonsa na mutuwa, ga wanda ya kashe shagon ya miƙo wuyansa da kansa.

Mai Bula ya daɗe yana shafa bakin rigar da babban yatsa. Can ya ce, "Rigar ba ta yi mini laifi ba."

"Mai ita fa?" in ji Gwaggo.

"Shi ba a kawo mini shi wanki ba. Wanda ya koya mini aikin nan ya ce, in ka ɓata riga da gangan sau ɗaya, hannunka ya koya ke nan, ba zai manta ba. In zan rufe shagon nan, gara in rufe shi ina mai wanki."

Ya ari kurar ruwa, mutumin da bayansa ke ciwo tun bara, ya tura ta har wata unguwa can bayan kasuwa inda ake da rijiyar burtsatse. Ya dawo yana tafe yana tsayawa, yana dafe ƙugu. Ya wanke rigar nan, ya sa bula, ya sa sitaci, ya goge. Da ya ɗaga ta ga rana sai da na kare idona. Gwaggo ta tofar da yawu ta ce, "Wani mutum dai ko aljanna aka kai shi sai ya tambayi inda ake shara." Ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar biki, da sassafe aka cika tankin taf har baki, abin da aka daɗe ba a yi ba, don kada famfo ya ba manya kunya. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru. Mai ɗaukar hoto ya ce dole dandamalin jawabi ya zauna daidai ƙarƙashin cikin tankin don hoto ya ɗauko mutum da aikinsa. To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mutanen layi mun san akwai wani wuri a nan da ƙasa ba ta bushewa kwanan nan, inda kajin Gwaggo ke zuwa shan ruwa. Masu shiri ma sun gani, sai suka shimfiɗa darduma a kai. Ba wanda ya tambaye mu, mu kuwa ba a koya mana yi wa manya katsalandan ba.

Shugaban Kwalliya ya hau dandamali cikin rigar nan yana walƙiya kamar sabon wata. Har manyan baƙi na jere na gaba suna taɓa juna suna tambayar wa ke masa wanki. Ya fara jawabi. Ya ce ya gaji ɓarna ya mayar da ita tattali. Ya ce sandunan da a da ake bari suna narkewa a banza, yau jikokinmu ma za su gaje su. Yana cikin "jikokinmu" sai ɗigo na farko ya sauka a kafaɗarsa, ja kamar an tsiyaye tsohuwar ƙusa. Ya ɗaga kai yana neman tsuntsu. Na biyu ya sauka a ƙirji. Daidai nan wakilin Mai Girma ya matso zai maƙala masa lambar, mai hoto ya ɗaga hannu ya ce, "Kada wanda ya motsa!"

Ba wanda ya motsa sai tankin. Nauyin ruwan da aka ɗura masa ya samu wurin da tsatsa ta daɗe tana lasa, sai ɗigo ya zama zare, zare ya zama igiya. Ta sauka a kan hula, ta gangaro ta wuya, ta bi aikin ɗinkin gaba tana zana taswira, ta fantsama har kan 'yan jere na gaba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Sai ga muryar Gwaggo daga can baya: "Ƙarin jini ne, ranka ya daɗe! Kyauta ne!"

Duk layinmu mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mai Bula yana tsaye kusa da ni, ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa, "Wayyo sitacina. Wayyo bayana."

Da yamma sai ga direba ya dawo da rigar a cikin leda, ya ce maigida ya ce a fitar ko ta halin ƙaƙa, don kyauta ce daga surukansa. Mai Bula ya duba ya ce, "Tsatsa tana fita. Lemon tsami da gishiri da rana mai kyau. Amma tana son ɗauraya da ruwa mai tsabta, mai yawa, ni kuwa bayana ya ƙare, ba zan iya sake tura kura ba. Na famfo kuma ka ga aikinsa." Ba da wata dabara ya faɗa ba, iyakar gaskiyarsa ke nan.

Jama'a, mu da muka yi zaman baranda har inuwa ta juya ba mu samu ko kallo ba, washegari da hantsi sai ga tankar ruwa ta ofis ta shigo layinmu da baya-baya. Ruwa garai-garai kamar idon jariri. Ta cika durorin Mai Bula, ta cika bahuna. Direban tankar ya ce ba zai koma da saura ba, sai Mai Bula ya leƙa layi ya ce kowa ya kawo bokiti. Gwaggo ce ta fara zuwa, da bokiti biyu, ta ce masa, "Ina kwana, ɗan albarka. Dama ni na san kai mai hangen nesa ne."

Rigar ta fita tas. Da 'yan jere na gaba suka gani, sai su ma suka aiko da nasu, daga nan kuma suka zarce da aiko duk fararen kayansu. Yanzu tankar ba ta fashi, don ba wanda ke son a ɗauraye masa riga da ƙarin jini. Mai otal ya dawo da zannuwan gadonsa, mai aski ya dawo da tawul. Dutsen guga yana nan a kan tebur da wutarsa, ba a sayar ba. Mu kuma mun koma layi da bokitai a ƙofar mai wanki. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Tankin fa? An zo an liƙe ramin, an shafa masa fenti. Sandunan suna ciki suna sheƙi, ba a yarda a taɓa su ba, tunda su ne shaidar lambar yabo. An kuma kafa kwamiti mai ƙarfi ya binciko abin da ke lalata tankin, kuma mun ji ƙishin-ƙishin ya gano ruwa ne, har yana shirin ba da shawarar a daina zuba shi a ciki don tankin ya daɗe. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ceci sanda daga tsatsa, ai ceton tanki daga ruwa ba zai gagare shi ba.

Rigata kuwa tana jiran layi. Mai Bula ya rantse zai fitar mini da ita, amma kullum na kai sai in tarar da tulin kayan manya a gabana, ni kuma ba zan so a jinkirta musu ba, don albarkacinsu muke shan ruwa mai tsabta. Shi ya sa kwanan nan addu'ata ta canza. Allah ya ƙara wa manyanmu lafiya da yawan gayyata, ya sa suna ci, miya na ɗiga musu a gaban riga, ya haɗa su da kujeru masu ƙura da motoci masu fantsama taɓo. Don ranar da suka koyi zama da tsabta, ranar za mu koma shan maganin ƙarin jini.